In Ɓera da Sata, Daddawa ma da Wari: Tafiyar Saƙon Dannawa a Cikin Kwamfuta

Laccar da aka gabatar a taron ƙara wa juna ilmi na ɗalibai 'yan asalin Gaya da Ajingi



Muna godiya ga shugabannin ƙungiya saboda wannan dama da suka ba mu. A cikin takardar gayyata an nemi mu ɗauko wani abu daga fannin da muke karantawa, wanda zai amfani jama'ar ƙasarmu. Watakila wasu sun zaci za mu ɗauko ɗaya daga cikin manyan batutuwan da ake ta yayatawa a kwanakin nan. Abin da muka zaɓa ƙarami ne ƙwarai, watau abin da ke faruwa tun daga lokacin da ɗan yatsa ya danna linzamin kwamfuta har zuwa lokacin da kwamfuta ta amsa. Wannan tsakani bai kai ƙiftawar ido ba, amma a cikinsa yaro kan yi asarar makin jarrabawa, ma'aikaci kan share sunan da bai yi niyyar sharewa ba, ɗan kasuwa kuma kan biya kuɗi sau biyu a kan kaya ɗaya.

Abin da ya same mu

Kowa a nan ya san cewa hukumar JAMB ta fara yin jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta a 2013, kuma daga 2015 ta daina ta takarda baki ɗaya. Tun daga wannan lokaci, yaron da ya gama sakandare a Kademi ko Shagogo ko Toranke ko Gafasa ba shi da hanyar shiga jami'a sai ta gaban allon kwamfuta, inda tambayoyi 180 ke jiransa cikin awa biyu. Da yawa daga cikin ƙannenmu sun saba da wayar hannu, amma ba su taɓa ɗora hannu a kan linzami ba sai ana gab da jarrabawa.

Saboda haka a wani hutu, mu 'yan kaɗan muka rubuta wata ƙaramar manhaja ta gwaji, muka tara ƙannenmu muna koya musu. Kowace tambaya tana da amsoshi huɗu, kowace amsa a layinta, da ɗan da'ira a gabanta. Muka tsara cewa in an danna sau ɗaya an zaɓi amsa, in an sake dannawa an janye zaɓin. Mun gwada ta a tsakaninmu, ba mu ga aibu ba.

A cikin yaran akwai wani daga ƙasar Ajingi, mai natsuwa, wanda malamansa suka shaide shi da ƙoƙari. Ya zauna ya amsa tambayoyi arba'in, da sakamako ya fito sai ga shi da maki uku. Ya rantse ya danna kowace amsa. Muka ce hannunsa ne bai saba ba, har wani daga cikinmu ya yi masa ba'a da ƙauyanci. Yaron bai ce komai ba, ya sunkuyar da kai. Sai da ɗayanmu ya tsaya a bayansa yana kallon hannunsa sannan gaskiya ta bayyana. Mu da muka saba, duk inda kibiya ta faɗa a kan layin amsa nan muke dannawa, galibi a kan rubutun. Shi kuwa, da yake shekara da shekaru ana koya masa ya cike da'ira da fensir kada ya fita waje, sai ya lallaɓa kibiya har tsakiyar da'irar sannan ya danna. Mu kuma mun sa wa da'irar umarnin zaɓe, mun kuma sa wa layin da ke ɗauke da ita irin wannan umarni. In ya danna, da'ira ta zaɓi amsa, saƙon ya wuce zuwa ga layi, layi ya ga amsa a zaɓe sai ya janye ta. Wanda ya fi kowa kiyaye ƙa'ida shi ne ya fi kowa faɗuwa, kuma laifin namu ne. Wannan kunya da muka ji ita ce asalin laccar yau.

Asalin linzami

Na'urar da muke kira linzami, Turawa ɓera suke ce mata, saboda igiyar da ke fita daga jikinta kamar wutsiya. Douglas Engelbart ne ya ƙirƙiro ta a cibiyar bincike ta Stanford da ke Kalifoniya a Amurka, abokin aikinsa Bill English ya haɗa ta farko a 1964 da ɗan akwatin katako mai ƙafafun gare biyu da maɓalli guda. Ran 9 ga Disamba 1968 Engelbart ya nuna wa duniya ita a wani taro a San Faransisko. Kamfanin Xerox ya sa ta a kwamfutarsa Alto a 1973, sa'an nan Apple ya shigar da ita gidajen mutane da Macintosh a 1984, Microsoft kuma ya biyo baya da Windows a 1985.

Zuwan linzami ya juya zaman da ke tsakanin mutum da kwamfuta. A da manhaja ce ke tambaya bi da bi, kamar alƙali, mutum yana amsawa. Da aka samu taga da maɓallai da kibiya, sai manhaja ta koma kamar mai tireda: ta shimfiɗa kayanta ta zauna tana jira, ba ta san wanda zai zo ba, ba ta kuma san abin da zai nuna ba. Duk motsin da mutum ya yi, ko matsa linzami, ko dannawa, ko buga harafi, ana mai da shi ɗan saƙo a jefa a layin jira. Wannan saƙo shi muke kira aukuwa. Manhaja tana ɗaukar aukuwa ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa ga wanda ya dace, ta koma ta ɗauko ta gaba, haka har a rufe ta.

Dannawa kashi nawa ce?

A wurin mai amfani dannawa abu guda ne. A wurin kwamfuta kuwa abu uku ne a jere. Akwai saƙon cewa maɓallin linzami ya sauka, akwai saƙon cewa ya tashi, sa'an nan in saukar da tashin sun faru a kan abu ɗaya, sai a fitar da saƙo na uku mai cewa an danna wannan abu. Kowane saƙo yana ɗauke da bayanin inda kibiya take a faɗin allo da tsawonsa, da wane maɓalli aka taɓa, na hagu ko na dama, da kuma lokacin da aka taɓa shi.

Wannan rarrabewa tana da hikima. Mutumin da ya sauke yatsa a kan maɓallin sharewa, ya tuna bai kamata ba, yana iya jan kibiya gefe kafin ya saki, maɓallin ba zai karɓi dannawar ba. Mai rubuta manhajar da ya ɗaura aiki mai haɗari a kan saukar yatsa maimakon cikakkiyar dannawa ya toshe wa mutane wannan ƙofa ta tuba. Amma kuma ku lura da ɗaya gefen: wanda hannunsa ke rawa, ya sauke yatsa a kan ƙaramin maɓalli, linzami ya zame kafin ya saki, shi ma dannawarsa ta ɓace, alhali a ransa ya danna.

Bayan kwamfuta ta tabbatar an danna, sai tambaya ta biyu ta taso, wadda ita ce zuciyar maganarmu: wa aka danna?

Wa ke saman wa

Abin da muke gani a allo a shimfiɗe yake, amma a cikin manhaja a jere yake hawa-hawa, wani a cikin wani. A manhajar gwajinmu, da'ira tana cikin layin amsa, layin amsa yana cikin akwatin tambaya, akwatin tambaya yana cikin shafi, shafi yana cikin taga. Wanda ya ɗora kibiya a kan da'ira, a lokaci guda yana kan layi, yana kan akwati, yana kan shafi, yana kan taga. Ko da yake da'irar aka nufa, dukansu suna da haƙƙin su ji labari.

Mutumin Gaya ko Ajingi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Magidanci yana cikin unguwa, unguwa tana ƙarƙashin mai unguwa, mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi yana ƙarƙashin sarki. In gobara ta tashi a wani gida a Toranke, a gidan ta tashi, amma kuma a unguwar ta tashi, a garin ta tashi, a gundumar ta tashi. Mun kuma ga yadda ake sauya saman wannan tsani a zamaninmu: a 2019 aka ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayu na 2024 aka soke dokar, a watan Yuli na wannan shekara aka sake kafa ta mai daraja ta biyu, da Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Ba siyasar abin ce ta kawo mu ba. Abin lura shi ne, a kowane sauyi, tambayar da ma'aikacin da ke riƙe da takarda ke fara yi ita ce: yanzu daga hannun wa za ta wuce zuwa hannun wa? Ita ce tambayar da ya wajaba mai rubuta manhaja ya iya amsawa kafin ya rubuta layi ɗaya.

Sauka da hawa

Dattawanmu sun ba mu labarin zamanin haraji da jangali, kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a Jihar Kano a 1979. Umarni yakan taso daga fada, ya sauka wurin hakimi, ya wuce wurin dagaci, ya isa wurin mai unguwa, har ƙofar magidanci. Kuɗi kuma sai su bi wannan hanya su hau, daga magidanci har baitulmali. Hanya ɗaya ce, ana bin ta sau biyu, sau ɗaya a gangara, sau ɗaya a haura.

Masu gina manhajojin shiga intanet sun daɗe suna jayayya a kan wace tafiya ce daidai ga saƙon dannawa. A ƙarshen shekarun 1990 Netscape ya ɗauki hanyar sauka: babba ne zai fara ji, sa'an nan labari ya gangara ga wanda aka nufa. Microsoft kuwa, a Internet Explorer, ya ɗauki hanyar hawa: wanda aka nufa ne zai fara ji, sa'an nan labari ya taso sama kamar kumfa daga gindin tukunya. Masu rubuta shafuka suka sha wahala, suna rubuta abu ɗaya iri biyu. A watan Nuwamba na 2000 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta yi sulhu ta haɗa hanyoyin biyu, ko da yake Internet Explorer bai bi wannan ƙa'ida ba sai a fitowarsa ta tara a 2011.

Bisa wannan ƙa'ida, wadda ake bi har yau, kowace dannawa tana da zango uku. Zangon farko shi ne sauka, daga taga zuwa shafi, zuwa akwati, zuwa layi. Na biyu shi ne isa ga abin da aka nufa. Na uku shi ne hawa, ta hanyar da aka sauko, har a koma taga. A kowace ƙofa mai rubuta manhaja yana iya ajiye ɗan umarnin da muke kira mai sauraro, ya ce masa: in saƙon dannawa ya biyo ta nan, yi kaza. Yana kuma iya zaɓar ko mai sauraron zai tare saƙon a gangara ne ko a haura. In bai faɗa ba, a haura ake ba shi. Daɗin daɗawa, ana tsayar da hanyar tun kafin saƙo ya tashi, don haka ko da wani mai sauraro ya cire wani abu daga shafi a tsakiyar tafiya, saƙon zai ƙarasa zagayensa yadda aka zana masa.

Yanzu kun ga abin da ya kayar da ƙanenmu na Ajingi. Mun ajiye mai sauraro a da'ira, mun ajiye wani a layi, dukansu a hanyar hawa, dukansu da aiki iri ɗaya, ba mu gaya wa ɗaya cewa ɗan'uwansa ya riga ya gama ba. Tamkar mai unguwa ne ya karɓi harajin mutum ya rubuta, dagaci kuma ya ga an rubuta ya ɗauka kuskure ne ya soke.

Wannan tsari bai tsaya ga shafukan intanet ba. A Qt, wanda ake gina manhajojin tebur da shi, ana fara miƙa saƙon linzami ga ƙaramin abu, in ya ce bai karɓa ba sai a miƙa wa wanda ke ɗauke da shi. A wayoyin Android kuwa, uban yana da ikon tare saƙo a gangara. Shi ya sa in ka ɗora yatsa a kan wani suna a jerin sunaye ka ja sama, jerin ne ke gungurawa, ba a buɗe sunan ba: da yatsa ya motsa ya wuce wani ɗan ƙima, sai jerin ya ƙwace saƙon, a sanar da sunan cewa an fasa.

Tsayar da saƙo da danne shi

Maganin da kowane sabon ɗalibi ke fara koya shi ne umarnin da ake rubutawa stopPropagation, wanda ke tsayar da saƙo a inda yake, kada ya wuce gaba. Yana da wurin amfaninsa. Ɗauki jerin sunayen ma'aikata a ofishin ƙaramar hukuma: danna layi yana buɗe fayil ɗin mutum, a ƙarshen layin kuma akwai ɗan maɓallin sharewa. In an danna maɓallin, saƙon ya hau zuwa layi, sai manhaja ta nemi buɗe fayil ɗin da ta share yanzu-yanzu. A nan dole ɗayan biyu: ko maɓallin ya tsayar da saƙon, ko layin ya duba asalin wanda aka nufa, in ya ga maɓallin ne ya kame.

Mun fi son hanya ta biyu, kuma ga dalili. Akwai bambanci tsakanin dagacin da ya sasanta rikici ya sanar da hakimi cewa an gama, da dagacin da ya danne maganar don kada a ji a sama. Wanda ya tsayar da saƙo a ƙasa bai san su wa ke jiransa a sama ba. Sau da yawa a can kan shafi akwai mai sauraron da aikinsa shi ne rufe jerin zaɓi in an danna wani wuri dabam. In saƙo bai iso ba, jerin ya tsaya a buɗe ya rufe wa mutum rubutu. Akwai kuma mai sauraron da ke lura ko mutum yana nan yana aiki, don a rufe masa shafi in ya daɗe bai taɓa komai ba. In ana danne saƙonni a ƙasa, sai a kori mutum yana tsakar aiki. Irin wannan cuta tana da wuyar ganowa, domin inda ake jin ciwon dabam, inda aka yi ɓarnar dabam, kuma galibi wanda ya yi ta ya bar aikin tuntuni.

Lalle ne kuma a bambance wannan umarni da wani mai kama da shi, wanda ake rubutawa preventDefault. Wasu abubuwa suna da aikin da suka gada, ko ba a ajiye musu mai sauraro ba: mahaɗi yakan kai mutum wani shafi, maɓallin aikawa yakan aika fom, akwatin zaɓi yakan sa alama. Wannan umarni na biyu aikin gadon yake hanawa, amma saƙo yana ci gaba da hawa. Na farkon kuwa hawan yake hanawa, amma aikin gado yana nan. Ɗalibin da ya rikita su yakan zuba duka biyun a ko'ina, kamar mai ciwon da bai san cutarsa ba ya haɗiye duk ƙwayar da ke gidan.

Wakilci

Hawan saƙo ba matsala ba ce kurum da ake neman tsari da ita. Ni'ima ce ga wanda ya gane ta. Tambayoyi 180 masu amsa huɗu-huɗu wurin dannawa 720 ke nan. Mai rubuta manhaja yana iya ajiye masu sauraro 720, ko kuwa ya ajiye guda ɗaya tak a kan akwatin da ya ƙunshi duka, tun da kowace dannawa sai ta hau ta same shi, kuma kowane saƙo yana ɗauke da sunan ainihin abin da aka taɓa. Sarki ba ya ajiye dogari a ƙofar kowane gida. Yana zaune ne inda labarin kowane gida ke iske shi.

Da wannan muka gyara manhajarmu. Muka cire masu sauraron da'ira da na layi, muka bar ɗaya a sama. In saƙo ya iso, ya duba daga wane layi ya taso, ya zaɓi wannan amsa, ko a kan da'ira aka danna ko a kan rubutu. Muka kuma soke janye zaɓi da dannawa ta biyu. Wanda ya sauya ra'ayi ya danna wata amsar. Amfanin wakilci uku ne: manhaja ta fi sauƙi ga tsohuwar kwamfuta, tambayoyin da aka ƙara daga baya ba su bukatar sabon mai sauraro, kuma hukunci a wuri ɗaya ake yanke shi, don haka in an yi kuskure an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Hannun da bai saba ba

Saura mu faɗi abubuwa huɗu da muka koya daga tsayawa a bayan masu koyo, waɗanda muke roƙon duk mai rubuta manhaja don jama'armu ya riƙe.

Na farko, a faɗaɗa wurin dannawa. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya kai ga abu yana ƙaruwa gwargwadon nisan abin da ƙanƙantarsa. In layin amsa duka yana karɓar dannawa, an rage wa mai rawar hannu wahala, an kuma mayar masa da daƙiƙoƙin da zai yi tunani da su. Haka nan kada a ajiye maɓallin gamawa kafaɗa da kafaɗa da maɓallin wucewa gaba.

Na biyu, a yi tsammanin dannawa biyu. Wanda aka koya wa buɗe fayil da dannawa biyu yakan ɗauka haka ake yi wa komai. A Windows, in ba a sauya ba, dannawa biyu da ke cikin rabin daƙiƙa ana lissafa su tagwaye, amma shafin intanet yana karɓar kowace ɗaya a matsayin cikakkiyar dannawa kafin ya ba da labarin tagwayen. Akwatin zaɓi sai ya sa alama ya cire, maɓallin biya sai ya aika sau biyu. Inda sadarwa ke da nauyi, kamar yadda muka sani a ƙauyukanmu, mutum ya danna bai ga komai ba, dole ya sake dannawa. Wajibi ne maɓalli ya nuna nan take cewa ya ji, ya kulle kansa har amsa ta dawo, kuma babbar kwamfutar da ke karɓar kuɗi ta iya gane buƙatar da aka maimaita.

Na uku, kada mai sauraro ya riƙe layi. In aka ba shi aiki mai tsawo, allo yakan daskare, dannawar mutum ta taru a layin jira, da ya saki sai a zartar da su duka a jere, wata ma a kan abin da bai kasance a wurin ba lokacin da aka danna.

Na huɗu, a bar wa wanda ba ya iya linzami wata ƙofa. A 2017 hukumar JAMB ta shigo da tsarin haruffa takwas, ta yadda ɗalibi zai zaɓi amsa da A, B, C ko D, ya ci gaba da N, ya koma baya da P, ya miƙa aikinsa da S, ya fasa miƙawa da R, ba tare da ya taɓa linzami ba. Wannan shawara ta nuna an yi tunanin yaron ƙauye. Mai rubuta shafi ma, in ya yi amfani da maɓalli na ainihi maimakon ya zana hoton maɓalli ya ɗaura masa mai sauraro, saƙon dannawa zai fito ko da allon haruffa aka taɓa shi, kuma manhajar da ke karanta wa makafi allo za ta gane shi.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda ta fara aiki a 2001 kuma yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, tana maƙwabtaka da mu, ga Jami'ar Bayero a Kano, kuma 'ya'yan Gaya da Ajingi suna karatun kwamfuta a cikinsu. Nan gaba kaɗan wasu daga cikin waɗanda ke zaune a wannan ɗaki su ne za su rubuta manhajar rajistar asibiti, da ta biyan albashi, da ta rabon taki. Waɗanda za su zauna gabanta iyayenmu ne da ƙannenmu, kuma in abu ya lalace, kansu za su zarga, su yi shiru kamar yadda yaron nan ya yi. Muna roƙonku, kafin ku miƙa kowane aiki, ku zana tsaninsa a takarda, ku bi saƙo ɗaya da fensir daga sama har ƙasa, daga ƙasa har sama, kuna tambaya a kowace ƙofa: wa ke sauraro a nan, me zai yi, kuma wa ke jira a gaba? Sa'an nan ku nemo wanda bai taɓa riƙe linzami ba, ku zaunar da shi, ku tsaya a bayansa ku kame bakinku.

Ku kuma yayyenmu ma'aikata, in manhajar ofis ta yi muku abin da ba ku umarce ta ba, kada ku ɓoye don gudun a ce ba ku waye ba. Ku rubuta ainihin wurin da kuka danna, da sau nawa, da abin da ya biyo baya, ku miƙa wa wanda ke sama da ku, shi ma ya miƙa gaba. Rahoto irin wannan ya fi wa mai gyara amfani fiye da cewa kwamfuta ta lalace. Saƙon da aka danne a tebur na farko ba ya gyara komai, ko a cikin na'ura ko a cikin ofis.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hannun da bai saba ba yakan yi kuskure, ba mu musa ba, amma wanda ya shimfiɗa allon shi ya san inda ya haƙa rami. Shi dai ƙanenmu na Ajingi, da muka gyara manhajar muka ba shi haƙuri, ya sake zama ya amsa tambayoyin nan arba'in, ya ci talatin da huɗu, kuma har ya tashi a tsakiyar da'ira yake dannawa.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu amfanar da ƙasarmu da shi.